Shuka-halinka a Kofin Biki

Ku yi dariyarku, ai an riga ku. Ranar yinin bikin 'yar yayata a Samaru, bayan la'asar, aka ce a fito da kayan rabo. Mata suka gyara zama, kowacce ta kwance bakin jaka tana jiran bokiti ko bahon roba. Sai ga yara da farantai, a kai ƙananan kofuna an liƙa musu hoton ango da amarya, cikin kowane kofi yashi ne da ɗan tsiro mai kaurin ganye. Wata gwaggonmu daga Sabon Gari ta ɗaga nata, ta jujjuya, ta sunsuna, ta ce, "'Yar nan, wannan na miya ne ko na magani?" Na ce, "Na ajiyewa ne, Gwaggo." Ta ce, "Au, na ɗinka anko, na biya kuɗin Keke Napep, sannan a sallame ni da aikin gona?"

Ni na kawo shawarar, don haka ni na sha zagin. Kuma har yau ban tuba ba.

Na ji masu cewa wannan iyayin Zagezagi ne, boko ya yi musu yawa, sun gani a Instagram sun kwaso. To, ba zan yi musu ba, a can na fara gani. Amaren Amurka da Turai sun daɗe suna cusa irin waɗannan tsirrai masu ajiye ruwa a jikinsu cikin damin furen da suke riƙewa. Wanda suka fi so shi ne eceberiya, ɗan ƙasar Meziko, mai ganye a jere zagaye kamar furen wardi, wanda aka raɗa wa sunan wani mai zanen tsirrai na can a 1828. Ana soka masa waya a gindi a ɗaure shi da sauran furanni, in biki ya tashi a zare wayar a ɗora shi a kan ƙasa, ya yi saiwa ya ci gaba da rayuwarsa. Amma ke Hajiya mai taɓe baki, leƙa bayan ɗakinki ki gani. Kariyar nan da ke fid da fure jaja-jaja a tsakiyar rani, lokacin da ba ta da ko ganye ɗaya, daga Landan aka kawo miki ita? Aguwar da kakanki ya yi shinge da ita fa? Karan masallaci? Moda, wadda maharba ke murza tsirkiya da zarenta? Duk dangi ɗaya ne a hali: suna shan ruwa in sun samu, su ɓoye, su yi shiru har wata damina. Baƙon kawai shi ne kofin da hoton.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a Samaru ake wannan gardama. Garin da ake binciken aikin gona tun shekarun 1920, garin da Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna tun 1962 har da lambunta na tsirrai, inda ɗan acaba ma zai iya gaya maka sunan irin masara. Amma a miƙa wa mutum tsiro a biki, sai ya dube shi kamar an ba shi kunama.

Kai kuma Bakano, na hango ka kana lissafi da yatsu, ba sai ka yi magana ba. Zauna in yi maka dalla-dalla, tunda ku ba a shiga da ku sai ta ƙofar riba. Ɗanyen fure sai an yi odarsa daga Jos, wardin manyan bukukuwa ma wani daga Kenya yake hawo jirgi. A watan Afrilu, kafin a gama ɗaukar hoto ya sunkuyar da kai kamar amaryar da ake yi wa faɗa. Furen roba kuwa haya ne, wanda aka kafa wa ƙanwarka bara shi za a kakkaɓe a kafa wa 'yarka. Mu fa? Ganyen shuka-halinka muka tsinko a gidan maƙwabta, kyauta, wata uku kafin biki. Ka kwantar da ganye ɗaya a kan ƙasa mai ɗan laima, bayan kwanaki sai ka ga 'ya'ya na leƙowa daga kowane lungu na gefensa, kowanne da 'yar saiwarsa fara kamar zare. Ganye ɗaya ya cika kofuna da yawa. Muka haɗa da 'ya'yan alobera da muka ɓanɓaro daga gindin uwarsu, muka bar su kwana uku a inuwa ciwon ya bushe. Yashi daga bakin rafi, ɗan taki kaɗan, ƙusa mai zafi a huda gindin kofi. Kuɗin da muka kashe na kofi ne da sitika. Yanzu na ga ka gyara hula. Kada dai in zo Kwari in tarar ka buɗe shago.

Akwai wata hujjar da na ajiye wa iyaye mata, masu zaunar da amarya daren kai ta su yi ta nanata mata kalma ɗaya: haƙuri, haƙuri. To ku tambayi malamin unguwa abin da Larabawa ke kiran alobera. Sunanta daga tushen kalmar sabru yake, wato haƙurin nan dai. Ga ɗaci, ga juriya, ga magani. Ku gaya mini wace nasiha kuka taɓa yi da ta fi wannan gajarta, kuma ba ta sa amarya kuka. Sai dai a kula da moda. 'Yar uwarta mai dogon ganye da kaifin baki, Turawan Ingila na kiranta harshen suruka. In yaron rabo ya kuskure ya ajiye ta gaban uwar ango, kuma a cikin dangi akwai wanda ya yi karatu, babu ruwana.

Inda kuke da gaskiya zan ba ku. Ba kowane mai kaurin jiki ake kaiwa taro ba. Tinya da ƙerana suna da farin ruwa mai ƙuna, in ya shiga ido sai asibiti, ga ƙaya mai kama leshi. Kariya da duk kyanta ruwanta dafi ne, da shi ake shafa wa kibiya a wasu wurare, don haka a gidan biki mai cike da yara sai dai a kafa ta a babbar tukunya can gefen kujerar ango da amarya, ba a hannun kowa ba. Shi kansa shuka-halinka ba abincin akuya ba ne, yana iya yi mata illa, akuyar Hayin Dogo kuwa ba ta tambaya kafin ta ci. A ɗora a kan katanga ko taga.

Sannan ga babbar matsalar, wadda ban hango ba: kirki. Mutanenmu ba su iya ganin abu mai rai su hana shi ruwa. Wata ƙawata kullum in ta idar da alwala sai ta juye masa sauran butar, safe da yamma, wai tausayi. Sati biyu gindin ya ruɓe ya zama kamar dafaffiyar kuɓewa, ta kira ni tana cewa na ba ta mai ciwo. Waɗannan tsirrai da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, da rana su rufe don kada ruwa ya tsere. Sau ɗaya a mako ya ishe su, sai ƙasar ta bushe ƙarau. A watan Agusta kuwa, da ruwan Zariya ke kwana yana zuba, a janye su ƙarƙashin rumfa.

Gwaggo fa? Da ta koma gida ta jefa nata bayan randa don haushi, ta manta da shi, wanda shi ne daidai abin da yake so. Da na je gaishe ta bayan sallar layya, na tarar ya fasa kofin, ya zubar da ganye, ganyen sun haihu, 'ya'yan sun bi gindin bango har bakin madafa. Hoton ango da amarya ya koɗe, sai hular ango ake ganewa. Ta nuna mini da bakin muciya ta ce, "Ki turo yara su kwashe mini wannan jarabar, ta fi masu auren saurin zuri'a." Na ce to. Har na kai zaure ta ɗaga murya: "Kuma bokitina yana nan a kanki!"