Bayanin Halayen Masu Hawan Dutsen Ventoux da Keke

A kudancin ƙasar Faransa, cikin yankin Provence, akwai wani dutse da ake kira Ventoux, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,910, kansa fari fat saboda farar tsakuwa, babu itace balle inuwa. Tun daga shekarar 1951, sa'ad da gasar tseren keke ta Tour de France ta fara ratsa shi, mutane suka ɗauki hawansa tamkar wani farali da aka ɗora musu, alhali kuwa babu wanda ya aike su, babu kuma abin da ke jiransu a ƙoli face hasumiya, da iska, da masu sayar da alewa. Daga garin Bédoin zuwa sama kilomita 21 ne da ɗoriya, kuma a cikin wannan tazara duk halin da mutum ya ɓoye a gida sai ya fito fili.

Na farkonsu shi ne mai gaggawa, wanda tun ana cikin gonakin inabi, inda hanya take kwance, zai miƙe tsaye kan feda ya wuce jama'a fuu, yana waiwaye yana mamakin abin da ya sa ake zuzuta wannan dutse. Da an sha kwanar Saint-Estève an shiga daji, inda hanya take ɗagawa mita tara ko goma cikin kowace ɗari, ba ta kuma sassautawa, sai ka iske shi durƙushe a gindin itace yana jujjuya kaca, fuska a murtuke, wai giya ce ta ƙi shiga. Giya lafiyarta ƙalau. Numfashi ne ya ƙi shiga.

Sai mai hali, wanda ya ji cewa hukumar tseren keke ta duniya ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, ya kuma yi rantsuwa nasa ba zai ɗara haka da ko giram ɗaya ba. Ya sake sirdi, ya sake ƙusoshi, ya kashe kuɗin da za su sayi ƙaramar mota domin ya rage nauyin da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan ya ɗora wa keken tumbin da aka yi shekara ashirin ana yi wa hidima da cuku da burodi da man shanu. Kusa da shi akwai ma'abocin lissafi, wanda bai ga dutse ba, bai ga sama ba, idonsa na kan 'yar na'urar da ke ƙirga masa bugun zuciya.

Amma mas'alar da ta raba kan malaman wannan hanya ita ce ta mai keken lantarki. Masu tsanani sun tafi a kan cewa hawansa ɓatacce ne, sai ya rama da ƙafarsa. Masu sassauci sun yi rangwame ga tsoho da mai ciwon gwiwa, bisa sharaɗin kada ya ba da labari da daddare kamar ya sha wahala. Ni dai na karkata ga ƙauli na biyu. Sai dai ɓangarorin duka sun yi ittifaƙi a kan abu guda, wato ya wuce mutum yana zaune daram yana murmushi, har ya ce masa "Sannu da ƙoƙari, saura kaɗan," wannan zalunci ne bayyananne, domin wanda aka gaisar ba shi da sauran numfashin da zai mayar da martanin da ya dace.

Daga wurin da ake kira Chalet Reynard saura kilomita 6 a kai ƙoli, daji ya ƙare, iska ta karɓi mulki, irin wadda a 2016 ta sa aka datse zangon tseren Tour de France a nan, ranar da ɗan tsere Chris Froome ya yi karo a bayan babur, kekensa ya lalace, ya ci gaba da gudu da ƙafa. A nan mai laɓewa yake bayyana. Zai manne a bayan tayarka kamar kaska a kunnen sa, kai kana yaƙi da iska shi yana hutawa, ba sallama ba godiya, sai an hango hasumiya dab, ya fito ya wuce ka, ya ɗaga hannu. Akwai kuma mai riya, wanda harshensa ke waje tun daga daji, amma da ya hangi mai ɗaukar hoto a bakin kwana sai ya gyara hula, ya haɗiye haki, ya yi fara'ar da za a rataye a falo.

Gab da ƙoli akwai dutsen tunawa da Tom Simpson, ɗan tseren Ingila da ya faɗi ya rasu a wurin ranar 13 ga Yuli, 1967, zafin rana da ƙwayoyin ƙara kuzari suka haɗu a kansa. Mahaya kan tsaya su ajiye gora ko hula. Ba na zargin niyyar kowa, Allah ne masanin zukata, amma na lura juyayin wasu kan yi tsawo daidai gwargwadon gajiyarsu.

Duk waɗannan, wani tsoho siriri mai keken ƙarfe da ya girmi rabinsu zai wuce su ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Watakila ɗan ƙungiyar nan ce da ta kira kanta ta mahaukatan Ventoux, wadda ba a shigarta sai mutum ya hau sau uku a yini ɗaya, ta Bédoin, ta Malaucène, ta Sault.

Ragowar ita ce uwargida da ke biye a mota da giya ɗaya, tana tsayawa kowace kwana ta miƙa ruwa da ayaba, ta ɗauki hoto a gaban allon ƙoli, a ce bai yi ba ta sake. Da daddare maigida zai shaida wa baƙi cewa shi kaɗai ya hau, babu taimakon kowa, ya kuma juyo ya ce ta ba da shaida.