Akwatin Imel Ma Yana da Haddi

Ko da yake malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa kowane abu yana da haddi da miƙidari, da yawa daga 'yan'uwanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, waɗanda suka buɗe imel don neman aiki, sun ɗauka hukuncin bai shafe su ba, har suka mai da akwatin rumbun da ake ta zuba hotunan biki ba a taɓa ɗebe dami ɗaya ba. Alhali kuwa Gmail gigabait 15 kacal yake bayarwa kyauta, kuma a ciki ake lissafa abin da ke Drive da Photos. Abin da aka liƙa wa wasiƙa ba ya wuce megabait 25, wasiƙun da za a iya aikawa a yini kuwa 500 ne. Idan wuri ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta shiga, ko da ta kiran aiki ce, sai ka ga bawan Allah yana zargin maƙiya da sammu. Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka nemi rubutun sha, buɗe akwatinka a kwamfuta, ka duba ƙasan shafi inda aka rubuta abin da ka cinye, ka yi wa kanka hisabi.