Nazari Kan Korar Gyaɗa Daga Wani Gida A Kano

Duk wanda ya nazarci tarihin kasuwancin Kano ya san cewa gyaɗa, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta daɗe da zama 'yar gari, musamman tun daga shekarar 1912 da jirgin ƙasa ya fara kwasarta zuwa Ikko, har attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa jibge buhunanta dala-dala. Dalar ta ɓace bayan farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975, amma gyaɗar ba ta bar gari ba, tashi kawai ta yi daga bakin tashar jirgi ta shige madafi, inda take mulki har yau babu mai ja da ita. Da manta ake suya, da ƙulinta ake kwaɗon zogale da na rama, ita ke ba miyar taushe kauri, ita ake barbaɗa wa tsire, ita ce ƙashin bayan labu, wato kwaɓin da ake tsoma naman kilishi a ciki kafin a sake shanya shi, sannan ita ce kunun da gidaje da yawa ke buɗa baki da shi a watan azumi.

A irin wannan gari ne likita ya shaida wa wani magidanci, malamin makaranta mai yawan yarda da karatunsa, cewa jikin autansa ɗan shekara huɗu ba ya karɓar gyaɗa. Ma'anar wannan ita ce garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, tana ɗaukar sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai ta far masa da ƙarfin da ke jawo borin jini da kumburin leɓe da amai, wani lokaci har maƙogwaro ya tsuke numfashi ya gagara, yanayin da ba ya jiran jiƙo ko hayaƙi, allurar adiranalin da gaggawar zuwa asibiti yake buƙata. Likitan ya ƙara da cewa suya ko dahuwa ba sa kashe sinadarin, ɗan kaɗan ma ya isa, kuma mafi yawan yara ba sa rabuwa da matsalar don sun girma.

Maigidan ya dawo gida da takarda a hannu, ya tara iyali bayan sallar isha'i, ya kafa doka mai sassa uku, ya liƙa ta a ƙofar madafi, wurin da shi kansa bai taɓa shiga ba sai don tambayar ko abinci ya sauka. Hamayya ta farko ta fito daga mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta saurari bayanin har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta dubi jikanta ta ce: "Angon nawa za a hana wa ƙuli? Shi uban naka da me aka yaye shi?" Ra'ayinta shi ne a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Adalci ya wajabta a faɗi cewa likitoci ma suna da hanya mai kama da wannan, sai dai su da awo suke yi a asibiti, da allura a kusa, alhali ma'aunin Hajiya tafin hannunta ne.

Cire gyaɗar da ido ke gani bai ɗauki lokaci ba. Wadda ido ba ya gani ce ta tayar da hankali, domin turmin gidan, wanda Hajiya ta zo da shi tun cikin kayan aurenta, ya sha man ƙuli shekara da shekaru har cikinsa yana ƙyalli, kuma itace ba ya sakin abin da ya sha da wanki ɗaya. Aka sayo sabon turmi da taɓarya, tsohon kuma ya koma ɗakin mai shi, aka yafa masa zane kamar wanda aka yi wa rasuwa. Daga nan bincike ya kai ga injin markaɗen unguwa, inda kayan miyar gidan ke bin sahun gyaɗar masu ƙuli ba tare da an wanke komai ba, sai maigida ya sayo ƙaramin injin markaɗe mai aiki da lantarki, wanda ya yi aiki sosai a ranakun da aka samu wuta, a sauran ranakun kuma uwargida ta durƙusa gaban dutsen niƙa tana faɗin wasu maganganu game da ilimin zamani waɗanda wannan nazari ba zai kawo ba. Man da ake aunawa daga jarkar da ba rubutu a jikinta shi ma aka sallame shi, manja da man shanu da man waken suya na cikin kwalba suka gaje shi.

Fannin da maigida ya fi barin tarihi shi ne neman madadi. Da likita ya gwada yaron ya tabbatar riɗi da waken suya ba sa tayar masa da komai, gwajin da ya zama dole domin su ma suna cikin abincin da jikin wasu ke ƙi, uwargida ta yi kwaɗon zogale da soyayyen riɗi, ta kaurara taushe da agushi, ta dama kunun shinkafa da madarar aya, duka kuwa suka ciwu, ko da yake Hajiya ta kira kunun da sunan "ruwan haƙuri". Shi kuwa maigida, ganin an yi nasara ba da shi ba, ya ɗauki alhakin ƙirƙiro yajin tsire marar ƙuli. Ya soya garin waken suya da barkono da citta a kasko ɗaya, a kan wuta mai ƙarfi, da tagogi a rufe don kada iska ta kwashe masa gari. Sakamakon ya fitar da mutanen gidan zuwa titi suna atishawa, maƙwabta suka fito da bokitai suna salati, naman kuma, da aka kai wa almajiran zaure, suka yi godiya cikin ladabi suka tambaya ko akwai ragowar tuwon jiya.

Abin da doka ba ta hango ba shi ne zumunci. Kwanon maƙwabta yana shigowa a rufe, tsarabar ƙauye ba ta zuwa babu tunkuza ko ƙuli, baƙo kuma ba ya ganin yaro bai laluba aljihu ba, kuma mayar da kyauta a wannan ƙasa kusan yanke gaisuwa ne. Uwargida ce ta warware wannan, ta hanyar karɓa hannu biyu, da godiya, da sa albarka, sannan kwanon ya fita ta ƙofar baya. Yaron kansa ya koyi tambayar "Da gyaɗa a ciki?" kafin ya karɓi komai, har ya taɓa yi wa liman ita a kan dabino.

Karya doka ta farko da aka tabbatar da hujja ta faru ne ranar wanki, lokacin da uwargida ta ciro daga aljihun kaftanin maigida wata takarda mai maiƙo, da burbushin jan gari da yankin albasa a naɗe cikinta. Wanda ake tuhuma ya kare kansa da cewa a waje ya ci, ya kuma goge hannu da man tsabtace hannu na kwalba, sai aka tuna masa da sashe na biyu na dokar da ya rubuta da hannunsa, inda aka bayyana cewa wannan man ba ya cire sinadarin gyaɗa, ruwa da sabulu ne ke yi. Hajiya, wadda aka shafe watanni ana binciken ƙullin bakin zanenta, ita ta jagoranci zaman, ta kuma yanke hukuncin cewa duk daren da ya biya wajen mai tsire zai wanke hannu da baki a zaure, ya sauya riga, kafin ya taɓa angonta. Masu lura da al'amuran gidan sun ruwaito cewa tun daga lokacin ita ma ta ƙara yawan ziyarar ƙanwarta a wata unguwa, musamman ranakun da ake tuyar ƙuli a can, kuma takan dawo da yamma tana ƙamshin sabulu, ta ce ba ta jin yunwa.