Mu da Jin Ɗumi

Mu dai da zarar hunturu ya kama, ba a raba mu da wuta. Da asuba a wajen mai shayi kowa ya miƙa tafin hannu, tsofaffinmu kuwa kaskon garwashi na gaban ƙafa. Can sai ka ji wani ya ce, "Malam, ɗumin nan ya ratsa ni har ƙashi." To, abin da ke tasowa daga garwashin haske ne da ido ba ya gani, masana na ce masa infrared. William Herschel ne ya gano shi a 1800.

Sai dai fa ba ya kai ƙashi. Fata cike take da ruwa, ruwan ke shanye yawancinsa tun bai nutsa milimita guda ba, daga nan jini ya kwashi zafin ya zaga da shi. Shi ya sa gaba ke gasuwa, baya na ɗari. Masu yawan manne wa kasko ma, ku duba ƙaurinsu, za ku ga zane-zane baƙi-baƙi.

Yaranmu su ma da nasu. Idan an ɗauke wuta, sai su ɗora yatsa a kan tocila, yatsan ya yi jawur. Jini ya shanye shuɗi da kore, ja da infrared ɗin da ke dab da shi suka samu hanya. Ba a miƙe suke wucewa ba, zaruruwan fata ke ta watsa su, kamar fitilar mota cikin hazo. Ko ƙashin yatsan ba ka gani.

Da wannan ne 'yar na'urar da nas ke maƙala mana a yatsa take aiki. Tana tura haske biyu, ja mai nanomita 660 da infrared mai 940, domin jini mai iskar oksijin da maras ita ba sa shanye su daidai. Nan ne abin ya shafe mu, jama'a, don launin fatarmu ma yana shan nasa rabon, musamman na jan. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka sun gano na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata a kan farar fata, kusan ninki uku. Mu kuwa mun saba da ganin lamba mai kyau mu ce alhamdulillahi mu koma tabarma. Idan majinyacinka na haki, ko lambar ta ce lafiya, tashi ka kira nas.