Fijon Bazazzagi, Wata Bakwai a Gareji Ko Hon Babu

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ina gajiya, ina jiran fansho? Labarinka ya iso Kano tun kafin ka wanke fentin da ke hannunka, domin Hajiyarka ta yi wa uwargidana waya, ita kuma ta tsegunta mini bisa sharaɗin kada in faɗa wa kowa. Na cika alkawari. Ban faɗa wa kowa ba, rubutawa kawai na yi a jarida.

Da farko cewa aka yi tun da ka ajiye aiki ka mai da ɗakin baƙi gareji. Har na fara murna, na ce abin nema ya samu, daga yau juyen baƙin mai kyauta ne a gidan bawana. Sai aka turo mini hoto. Ga dattijo da furfura har gemu, tabarau biyu a hanci ɗaya, matsefata a hannu, ya duƙufa kan tiren shayin Hajiya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai da na buɗa hoton da yatsu har sau uku kafin na hango motar. Peugeot 504 ce, Fijon nan tamu, doguwar wagon, amma biron da ke aljihun rigarka ya fi ta tsawo.

Bari in yi wa masu karatu bayanin irin wannan ciwo, don kada su ɗauka iska ce. Turawa suna da wata al'ada ta ƙera mota a ƙanƙance, ba kuma da ka ake yi ba, da lissafi ne: a auna kowane sashe na motar gaske a raba shi gida 43, ko 24, ko 18. Taka ta gida 43 ce. Doguwar Fijo mita 4.8 take, saboda haka taka ta tashi santimita 11 da 'yan kai. Tayarta kamar maɓallin riga, direban da zai shige ta kuwa ba zai wuce santimita 4 ba, wato tsawonka ke nan in an cire hula da fariya. Kamfanoni irin su Solido da Norev na Faransa sun daɗe suna zuba irin waɗannan motoci, manya da yara suna saye suna jerawa a kabad. Wannan duk ba laifi. Inda ka fito da halinku shi ne bayan yaronka ya yi maka odarta ta intanet, an biya da kuɗin waje, ta iso tana ƙyalli a kwalinta, abin da ka fara yi shi ne ka kifa ta, ka huda ƙusoshin da ke riƙe da cikinta, ka raba bodi da ƙasa, ka zare gilasai da kujeru, ka tsoma bodin a maganin cire fenti har ya koma tsirara. Bakano in ya sayi sabon abu yana lissafin riba ne. Bazazzagi ya sayi sabuwar mota ya wargaza ta da hannunsa, sannan in an yi magana ya ce ai su garinsu birnin ilimi ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a kan bawa a faɗe ta. Da Hajiya ta ce wata biyu ka yi kana sassaƙa kujera guda, na gane abin da kake nufi, kuma na sara maka. Motar da aka kawo maka mai layin kujera biyu ce, irin wadda Faransawa suke kira Break. Tamu ta tasha kuwa mai layi uku ce, wadda suke kira Familiale, wato ta iyali, mai cin mutum bakwai. A Senegal har yau sunan da ake kiran irinta da shi ke nan, mai wuri bakwai. Kai kuma ka rantse sai ka ƙara kujerar baya, ka yanko roba daga tsohon katin banki, ka goge da sanfefa, ka manna da gam, ka ɓalle, ka sake. An ce har ka leƙa ƙarƙashin motar ka yi tsaki, wai ba a nuna sifirin huɗun nan na baya ba, biyu a kowane gefe, waɗanda su ne sirrin da ya sa wagon take shanye lodin da salun ba ta iyawa. An ce kuma ka tsare baƙi da suka zo gaisuwar Sallah kana yi musu lacca cewa tazarar tayar gaba da ta baya a wagon ta fi ta salun da santimita 16, wanda a taka motar bai kai milimita 4 ba. Mutane sun zo cin tuwo, ka cika su da milimita.

Na san inda za ka ɓuya, don haka bari in riga ka. Za ka ce Fijo taku ce, a ƙasar Zazzau ake haɗa ta. Ban musa ba. An fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta zagayo ta ci kambun motar shekara ta Turai, doguwar ta biyo baya, kuma daga 1975 masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da Fijo. Faransa ta daina yin motar a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Zamanin mulkin soja na Obasanjo, da aka ce manyan gwamnati su rage facaka, ita aka mayar motar ofis, sai ga babban sakatare da ɗan kasuwar Kwari a mota iri ɗaya. Duk na yarda. To amma tambayi tsofaffin ma'aikatan wurin ta ina kayan suke shigowa a shekarun farko. Daga Liyon ta Faransa jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suke kwaso sassan motar, kuma ba a Zariya suke sauka ba, ba a Kaduna ba. A filin jirgin Kano suke sauka, sannan a loda wa manyan motoci su gangara muku da su. Ka ga ke nan Fijo a Kano take fara shaƙar iskar Najeriya, mu sa mata albarka, mu aika wa bayi su ɗaure noti. Aikin da aka ba kakanninka shi kake yi har yau, sai dai notin ya ƙanƙance.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoto na biyu, wanda aka ɗauka bayan ka fesa fenti. Malam, wannan motar wa ce? Fara fat, ba ƙwarzane, bamba tana walƙiya, fitilu biyu duk suna nan, madubin gefe dama da hagu. Wannan ba Fijon da ta ɗauke ni da kai daga Unguwa Uku zuwa Kwangila ba ce. Wannan ta wani likitan Faris ce mai 'ya'ya biyu da kare. Wata bakwai kana wahala, ashe motar mutane kake ƙerawa.

In tamu kake so, zauna in karanta maka. Kujera bakwai lissafin Bature ne. Lissafin ɗan kamasho shi ne biyu a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, yara kuwa ba a ƙirga su, a cinya suke. Na kusa da direba shi da giya suke raba wuri, duk lokacin da za a sa ta huɗu sai ya ɗaga gwiwa kamar mai neman izini. Kujerar bayan nan da ka ɓata wata biyu a kanta, ka yi ta da faɗi da laushi, alhali kowa ya san wurin horo ce: gwiwa a haɓa, kai yana gaisawa da rufi a kowane rami, kuma ba ka fita sai duk 'yan tsakiya sun sauka an naɗe kujera. Nan ake tura ɗalibai da marasa baki. Na tuna kai kullum can ake kai ka, ba don ba ka da baki ba, sai don direbobi sun gano cewa Bazazzagi in ya zauna gaba, kafin a kai Kura ya koya musu tuƙi.

Sannan ina kariya? Fijon tasha ba ta fita da kai a buɗe. Sai an ɗora buhun masara, wanda a ma'auninka bai fi ƙwayar dabino ba, da katifa a naɗe, da keke, da kwandon kaji, a zarge da igiyar roba ta tsohon tub. But ba ya rufuwa, ɗaure shi ake yi, ƙafar akuya tana leƙe. Gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar mai jin warin wani abu. Kai kuwa taka a miƙe take sambal, alamar ba ta taɓa ɗaukar ko ƙunshin daddawa ba. Ina tsumman da ake cusawa a bakin tanki tun ranar da murfi ya ɓata? Ina wayar da ke riƙe da salansa? Ina jarkar ruwan da ake shayar da lagireto a Kwanar Dangora, a ƙara masa a Tashar Yari? Gilashin baya fa, ka bar shi fayau ba ko rubutu, alhali motar da ba a rubuta mata Sai Haƙuri ko Ikon Allah ba, fasinja ma tsoronta yake ji.

Babban kuskurenka kuwa yana jikin ƙofofi. An ce ka zauna da gilashin ƙara girma ka ƙera hannun murza gilashi guda huɗu, kowanne ƙwayar shinkafa ta fi shi, ka manna wa kowace ƙofa nata. Huɗu! A wace tasha? Guda ɗaya ne tak a duk motar, yana aljihun gaban direba tare da goro da rasit. Zafi ya ishe ka ka roƙa, a miƙo shi hannu da hannu, ka murza, ka mayar. In hadari ya taso a bi layi da shi kamar ludayin fura. Ɓalle ukun nan ka zubar, ka sa ɗaya a inda ya dace. Ƙofar baya ta hagu kuma kada ta buɗu ta ciki, direba ne yake zagayowa ya buɗe ta waje, da ɗan duka na gwiwa.

Na ji har kana ba jikoki labarin cewa a 1975 wani ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. Haka ne, ya ci. Amma salun ya tuƙa, mutum ɗaya ya ɗauka, kuma makanikai suna jiransa a hanya da sababbin kaya. A ba shi wagon da mutum tara da akuya da buhun barkono yana sa kowa atishawa, batir ya mutu sai an tura, safaya ta fi tayoyin da ke ƙasa suɗewa, a ce ya kai Zariya kafin la'asar. In ya kai, sai mu yi maganar kofi.

Wani abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda ka manta asalinka a wannan sana'a. Lokacin da ake kawo ka hutu gidan kawunka a unguwarmu, wa yake ƙera mota? Bayan girbi mu kwaso karan dawa, mu ɓare ɓawon, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, mu soke da tsinken ɓawon, kafin azahar an fitar da mota da ƙofa mai buɗewa. Da muka ƙara wayo muka koma langa-langa da gwangwanin madara, taya daga tsohon silifa, dogon sitiyari na waya har ƙugu. Ba ma'auni, ba oda, ba sisin kwabo, kuma motarmu tana tafiya, har lodin yashi take yi. Kai aikinka riƙe kara ne da yin ƙugin inji da baki, wanda a nan kam ba a taɓa kamo ka ba. Guda ɗaya da ka ƙera da kanka tayoyinta uku suka taɓa ƙasa, kafin magariba kuma akuyar maƙwabta ta cinye ta. Kuka ka yi har aka ba ka tawa. Ba ka dawo da ita ba, kuma ban yafe ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, sai yanzu ka dawo ramuwa da tabarau biyu da kuɗin fansho.

Hajiya dai ta ce in roƙe ka abu uku: tirenta, matsefatarta, da kwalbar jan farcen jikarta da ka ɗauke ka shafa wa fitilun baya. Ta ce kuma ƙaramin jikanka ya kwana biyu ba ya yi maka magana, tun ranar da ya miƙa hannu zai taɓa motar ka daka masa tsawar da ba ka taɓa yi wa mai taɓa motarka ta gaske ba. Yaron yana da gaskiya. Shi a saninsa mota turawa ake yi, kuma a kan Fijo ai bai yi ƙarya ba.

Ranar Asabar ina nan tafe, in Allah ya yarda. A yanka zakara, ubangida ne zai zo duba aiki. Zan taho da ƙaramar guduma irin ta masu gyaran agogo, mu lotsa mata ƙofar direba da gefen bamba, da ƙullin jar ƙasa daga Kwanar Dangora mu baɗe ta har gilashi, da zaren lilo na ɗaure but. Akuyar kai za ka ƙera, tun da kun saba. Zan kuma riƙo karan dawa guda biyar saboda yaron, ni da shi mu zauna a zaure mu yi tamu, kai ka riƙa yi mana ƙugin inji. In mun gama sai mu yi lissafin motata ta kara, da kuɗin hayarta na shekara hamsin. In babu tsaba a hannu ba komai, ka naɗe mini wagon ɗin a kwalinta, da ma ta Kano ta shigo.