Kunun yaye da tumbin uba

Ɗana yana dab da cika shekara biyu aka yaye shi. Aka kai shi wajen Inna, mahaifiyata, kamar yadda aka saba, ya yi kwanakinsa can har ya manta da nono, ya dawo da kumatu shar. Yana shigowa gidanmu ya ɗaura yaƙi da cokali.

Ni kuwa mutum ne mai son tsari. Na zana jadawali na manna a ƙofar kicin: kunun gyaɗa da safe, dafaffen ƙwai da hantsi, faten wake da rana, ayaba da la'asar. Na kuma sa aka haɗa mini garin Tom Brown, wanda ake koya wa mata a asibiti, wato gero da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne daban sannan a niƙa tare. Yawan da na kai inji ya sa mai niƙa ya tambaye ni ko sana'a zan fara.

Yaro dai bai karanta jadawalin ba. Cokali ya zama jirgin sama, ya zama babur, na yi kukan akuya har akuyar maƙwabta ta amsa. Na bi shi bayan randa, na bi shi ƙarƙashin gado. Wata Juma'a, na riga na sa shadda, ya buɗe baki ya karɓi kunu cokali guda. Na yi kabbara. Ashe a kunci ya ajiye, sai da na sunkuyo zan yi masa kirari ya feso mini a ƙirji. An riga an fara huɗuba, haka na tafi masallaci, na yi ta rufe wurin da hannu, mutane na zaton tsabar natsuwa ce.

Wata gwaggo ta ce a yi masa ɗura, a toshe hanci a zuba, ai haka aka yi mana muka girma. Uwar yaron ta ce a kai kasuwa. Na goyi bayanta, domin kunun da aka ɗura wa yaro yana kuka yakan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, daga nan sai shaƙewa ko ciwon huhu.

Asiri ya tonu ne ranar da na dama kunu na nemi mai shi na rasa. Na leƙa gidan maƙwabta, sai ga shi a tsakiyar yaransu, ya miƙe ƙafa, hannu dumu-dumu cikin tuwon dawa da miyar kuka, yana kai loma kamar wanda ya yini a gona. Matar gidan ta ce, "Ai kullum nan yake cin na rana, Malam, mun ɗauka kun sani." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Zamanin nan sai haƙuri, kowa na fama." Washegari ta aiko mana da kwanon tuwo a rufe, wai a ba yaro. Ni da nake da ƙwai kiret guda a ɗaki, unguwa ta sa ni cikin masu neman taimako.

Da na kai ƙara wajen Inna, dariya ta yi har tana share hawaye. Ta ce, "Angona ba ya cin abin da ake binsa da shi. Ku shimfiɗa tabarma, ku zuba a faranti ɗaya, ku ci naku, ku daina kallon bakinsa." Daga baya na ga wata masaniyar abincin yara a Amurka, Ellyn Satter, tun shekarun 1980 take koyar da haka: na iyaye ne su zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, na yaro ne ya ci ko ya bari, kuma shi zai san inda cikinsa ya tsaya. Inna ba ta taɓa jin sunanta ba.

Duk da haka na kai shi awo. Nas ta ce jariri kan ninka nauyin haihuwarsa uku a shekarar farko, amma a ta biyu kilo 2 zuwa 3 yake ƙarawa, dole cin ya ragu. A dai ajiye masa abinci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ban da gyaɗa guda-guda, don tana shaƙe yara. Ta naɗa masa tef ɗin awo a damtse ya faɗa kore. Ja, in ji ta, shi ne ƙasa da santimita 11.5, kuma in yaro na ramewa ko ƙafafunsa na kumbura, wannan tamowa ce, a garzayo asibiti, ba a zauna jira ba.

Muka koma tabarma. Wata rana ya ci har ya lashe yatsu, wata rana ya tsinci wake biyu ya tashi, ba wanda ya tanka. Saura garin Tom Brown, wanda na kashe wa kuɗi ba kaɗan ba, kuma ba zan zuba ido ƙwari su cinye ba. Kullum da safe nakan dama kofi babba, in zuba madara da sukari, in shanye a tsaye. Kafin salla na je ɗinki, tela ya zagaya ƙuguna da tef, ya duba tsohon awona a littafi, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Malam, wai kai aka yaye ne?"