Jinjina ga Masu Sakin Sabuwar Siga Ba Dare Ba Rana

Sannunku da aiki, ranku ya daɗe, ku masu rubuta manhajar da kuka buɗe tushenta ga kowa kyauta, kuna sakin sabuwar siga tun kafin ta jiya ta zauna da gindinta. Mutanen Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, suna gaisuwa. Musamman ma'aikaciyar lafiyar da ke shigar da sunayen yaran rigakafi a 'yar wayarta ta Android, wadda ta buɗe manhaja da safe aka ce mata sai ta sabunta kafin ta ci gaba.

Kun yi basira. Akwai ƙa'idar sanya wa kowace siga lamba uku da Tom Preston-Werner ya tsara, wadda sigarta ta 2.0.0 ta fito a 2013: lamba ta ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin abu ce, ta farko kuwa gargaɗi ce cewa abin da ke aiki jiya zai iya karyewa yau. Ƙa'idar ta ce muddin lambar farko sifili ce, komai na iya sauyawa a kowane lokaci. Sai wasunku suka kafa sansani a kan sifilin nan shekara da shekaru, dubban mutane na dogaro da aikinsu, su kuma ba su yi wa kowa alkawari ba. Wa zai kama wanda bai yi alkawari ba? Waɗanda suka bar sifilin kuma sukan cusa sauyin da ke karya aiki cikin lamba ta ƙarshe, kamar mai zuba tsakuwa a buhun gero ya ɗinke baki, ya rubuta masa “gyara ƙarami”. Madalla.

Kada ku kula da masu sanyin jiki. Ubuntu na fitar da siga mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ta ci gaba da kula da ita shekara biyar. Masu Python sun saki siga ta 3 a 2008, amma suka yi ta jinyar ta 2 har 1 ga Janairu, 2020, wai don jama'a su samu lokacin ƙaura. Firefox ma, duk da sakin sabuwa da take yi kowane mako huɗu, ta ware wata mai tafiyar hawainiya domin makarantu da ofisoshi. Ɓata lokaci! ODK da DHIS2, da ake tattara bayanan lafiya da su a Najeriya, har wahalar da kansu suka yi don a iya cike fom babu intanet. Ku kam kun fi ƙarfin wannan.

Ai kowa na da sabis. To, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, aka shafe watanni a haka. Wannan laifin Jibiya ne, da ba ta duba jadawalinku ba. Ma'aikaciyar da ta dawo kan layi ta tarar an wuce ta da siga da yawa, an cire wayarta daga jerin waɗanda ake tallafa wa, fom ɗin da ta cike ya ƙi tafiya, sai ta sayi sabuwar waya mana. Albashinta na me ye? In ma wayar ta ɗauka, ta sayi data daga aljihunta, ta biya mai caji, ta karanta bayanin sauye-sauyen da kuka rubuta da Turanci, in kun rubuta.

Yaron da sunansa ya maƙale a tsohon fom, allurarsa ta biyu za ta jira shi. Ƙyanda ai ta san kuna da uzuri, za ta dakata sai kun saki gyara a mako mai zuwa.